Niyya Kaɗai Ba Ta Riƙe Amanar Raunana

Ɗalibar da ke karatun aikin walwalar jama'a ba ta jiran ranar karɓar takardar shaida kafin iko ya shigo hannunta. Tun tana tsakiyar karatu ake tura ta aikin koyo a asibiti, ko ofishin walfiya, ko gidan marayu, ko gidan kangararrun yara, kuma daga ranar da aka ba ta kujera da biro mutane suke fara fayyace mata cikinsu. Matar da mijinta ya rasu, dangin miji suka kwashe 'ya'yan, za ta gaya mata abin da ta ɓoye wa uwar da ta haife ta. Magidancin da ya kasa biyan kuɗin aikin da za a yi wa matarsa zai lissafa mata duk abin da ya mallaka, har akuyar da ya riga ya sayar, yana ce mata "ranki ya daɗe" alhali a haife ya haife ta. Layi biyu da za ta rubuta a fayil suna iya sa a rage masa kuɗin, ko a sallame shi hannu rabbana. A Amurka, hukumar da ke tantance makarantun wannan fanni ba ta amincewa da digirin farko sai ɗalibi ya yi aƙalla awa 400 a bakin aiki, digiri na biyu kuwa awa 900. Duk waɗannan awanni a kan rayuwar mutane ake yin su, kuma yawancinsu mutanen da ba su da bakin magana. To a lokacin da ɗalibar nan take zaune da mai ƙaramin ƙarfi, babu na ukunsu, nauyin wa take ji, kuma wa zai ce mata ta yi kuskure? A ganina makaranta ba ta sauke hakkin da ke kanta ba muddin ta yaye ɗalibi bai zama ɗan gida a ƙungiyar masu sana'ar ba. Dalilin ya fi maganar neman aiki da sanin manya zurfi, domin ya taɓo tambayar da ta daɗe tana damun malamai da masu falsafa: shin mutum shi kaɗai yana iya tsare kansa daga kansa?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce tsoron Allah da kyakkyawar niyya sun isa. Ba na raina wannan amsa. In babu niyya sauran duk aikin banza ne, kuma mafi yawan matasan da suka zaɓi wannan karatu, wanda kowa ya san ba ya kawo arziki, tausayi ne ya kawo su. Sai dai ɓarnar da ake yi a wannan aiki ba kasafai take fitowa daga mugun nufi ba. Ɗalibin da ya ɗauki hoton marayu ya sa a Facebook don ya tara musu gudummawa da zuciya ɗaya ya yi, amma ya tallata fuskar yaron da zai girma ya tarar da hotonsa yana yawo a wayoyin mutane. Wadda ta kai wa mai unguwa labarin yarinyar da aka yi wa fyaɗe taimako ta nufa, kafin magariba zance ya gama unguwa. Wanda ya karɓi kaza daga tsohuwar da ya shige wa gaba a ofis yana ganin mayar da kyautar dattijuwa rashin kunya ne, bai lura ba cewa maƙwabciyarta, wadda ba ta da kaza, ta riga ta karanta yadda ake samun shiga. A duk waɗannan zuciyar mai aikin ta ba shi shaidar alheri, kuma gaskiya ta faɗa game da nufinsa. Abin da ba ta iya gani shi ne inda aikin ya sauka a jikin wani. Shari'a ta san wannan rata sarai, shi ya sa ta ɗora diyya a kan kisan kuskure, malaman fiƙihu kuma suka wajabta biyan ɓarna a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani ba da sani ba, komai kyan nufinsa. Niyya tana gyara tsakanin bawa da Ubangijinsa, hakkin wanda aka cuta kuwa yana nan daram. Kuma wanda ake cuta a nan ba ya kai ƙara. Mai kuɗi in lauya ya yi masa wasa da shari'a sai ya ɗauki wani, amma mai neman a yafe masa kuɗin asibiti ba shi da ofishi na biyu, ya kuma san in ya ɗaga murya fayil ɗinsa ne zai koma ƙasa. Tun da wanda ake yi wa aikin ba zai iya tsawatarwa ba, zuciyar mai aikin kuma ba ta gani duka, saura waɗanda suka san aikin ciki da bai, wato abokan sana'a.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa ma'aikatan zakka cikin kashi takwas da ake ba wa zakka, wanda ke nuna cewa tun farko an ɗauki hidimar matalauta a matsayin aiki mai ma'aikata da lada, ba abin da aka bar wa kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo aka zauna aka yi lissafi da shi, sai ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka ba shi. Ba a ce ya ɓoye ba, shi da kansa ya fito da shi fili, alamar bai ga laifi a ciki ba. Annabi ya hau mumbari ya bayyana wa jama'a cewa da ma'aikaci ya zauna a gidan iyayensa, da ya ga ko kyautar za ta same shi. Abubuwa biyu ne suka fi jan hankalina a nan. Sahabi ne, amma sahabbantakarsa ba ta ɗauke masa zaman lissafi ba. Sannan kuskuren mutum ɗaya an mayar da shi ƙa'ida ga duk ma'aikata, a bainar jama'a, don na baya su ji tun kafin a aike su. Bayan ƙarni uku, a shekarar 931, da wani majinyaci ya mutu a Bagadaza sakamakon kuskuren mai magani, Halifa al-Muƙtadir ya hana kowa yin likitanci sai Sinan bin Sabit ya jarraba shi. Likita aka sa ya auna likitoci, don shi ya san inda ake zamewa. A ƙasar Hausa ma yaron wanzami ba ya tashi daga ɗaukar zabira ya kama yi wa 'ya'yan mutane kaciya shi kaɗai. Yana tasowa ne a gaban wanzaman gari da sarkin aska, sun san ubangidansa, sun san hannunsa, in ya yi ɓarna akwai inda ake kai magana, kuma shi ma tun yana ƙarami ya san da wurin.

Mai karatu zai iya cewa ai ga makaranta ga kuma ma'aikatar da za ta ɗauki mutum, me ake nema da gida na uku? Makaranta tana ƙarewa, kuma dangantakarta da ɗalibi ta maki ce: ba kowane ɗalibi ne zai gaya wa mai riƙe da sakamakonsa cewa ya yi kwaɓa a wurin aikin koyo ba. Ma'aikata kuwa tana da nata buƙatun, kasafin kuɗinta da sunanta, kuma sau da yawa ita ce tushen matsalar. Labarin Victoria Climbié ya isa misali. Yarinya ce 'yar Kodebuwa da wata 'yar'uwar mahaifinta ta kai Landan, ta rasu a watan Fabrairu na 2000 tana da shekara 8, aka ƙirga raunuka 128 a jikinta. Ofisoshin walwala sun san da ita, 'yan sanda sun san da ita, an kwantar da ita a asibiti har sau biyu. Binciken Lord Laming, wanda ya fito a 2003, ya gano cewa ma'aikaciyar da aka ɗora wa lamarinta ba ta daɗe a aikin ba, an jibga mata shari'o'i fiye da ƙima, kuma ba ta samu kulawar da ya kamata daga na gaba da ita ba. Laming ya kai mafi nauyin laifin kan shugabannin hukumomin. Ba zan ce katin ƙungiya ne zai ceci yarinyar ba, wannan zai zama wasa da babban al'amari. Abin da labarin yake nunawa shi ne sabon ma'aikaci yana iya samun kansa a ofishin da rashin tsari ya zama ruwan dare, har ya ɗauka haka aikin yake ko'ina. In bai san wasu masu sana'ar a wajen bangon ofishinsa ba, ba shi da ma'aunin da zai gane cewa abin da ake sa shi yi ya kauce, ba shi kuma da wanda zai tsaya a bayansa ranar da ya ce wa shugabansa kayan sun yi masa yawa. Majalisar da gwamnati ke kafawa don kula da sana'a tana rajista tana hukunci, kuma ana buƙatarta. Ƙungiyar masu sana'a aikinta daban ne: nan ne mutum yake samun wanda zai tambaya kafin ya yi kuskuren, ba bayan ya yi ba.

Dalilin da ya sa nake cewa a ƙulla wannan zumunci tun a makaranta shi ne ɗa'a ba a haddace ta kamar jadawalin lissafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙa'idojin wannan sana'a ba su sauko daga sama a rubuce ba, gardama ce ta haife su. A 1915 Abraham Flexner ya tsaya gaban taron ma'aikatan agaji a Baltimore ya gaya musu cewa aikinsu bai kai a kira shi sana'ar ƙwararru ba, kuma bayan shekara biyu Mary Richmond ta fitar da littafinta a kan yadda ake bincika halin mai neman taimako bisa tsari. Ƙungiyoyi bakwai ne suka haɗe a 1955 suka zama babbar ƙungiyar ma'aikatan walwala ta Amurka, NASW, wadda ta fitar da kundin ɗa'arta na farko a 1960, ta sake shi gaba ɗaya a 1996, ta kuma yi masa kwaskwarima a 2017 saboda intanet da wayar hannu sun kawo tambayoyin da magabata ba su sani ba. Ɗalibin da aka miƙa wa wannan kundi a aji ya haddace don jarrabawa zai manta da shi kamar yadda ake manta kowace hadda. Wanda ya zauna a taron reshen ƙungiya ya ji ma'aikatan da suka shekara ashirin a aiki suna musu a kan ko ya halatta a faɗa wa miji cutar da matarsa ta roƙi a ɓoye, ya ga dattijuwar ma'aikaciya ta ce ita ma ta taɓa rasa abin yi, wannan ɗalibi ya koyi abin da ba ya cikin littafi: cewa neman shawara ba gazawa ba ce, kuma akwai mutanen da zai ji kunyar haɗa ido da su in ya ci amana. Kunyar idon abokan sana'a ba ta kai tsoron Allah daraja ba, amma a ranar da zuciya ta yi rauni tana riƙe mutum har ya dawo hayyacinsa. Wasu ƙasashe sun gane haka. A Afirka ta Kudu doka ta wajabta wa ɗalibi ya yi rajista da majalisar sana'ar tun yana makaranta, haka ma a Sikotland. NASW kuwa tana karɓar ɗalibai da rangwamen kuɗi, har ta ware musu kujeru a kwamitin gudanarwarta na ƙasa.

Akwai masu ƙin wannan ra'ayi saboda addini, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna cewa taimakon mabuƙaci ibada ce da ke kan kowane mumini, in aka kewaye ta da rajista da katin shaida za a mayar da tausayi hajar wasu tsiraru, a kori limami da ungozoma da mai unguwa da ƙungiyoyin mata waɗanda suke wannan hidima tun kafin a gina jami'a. Wannan tsoro ba na banza ba ne, har ya taɓa tsayar da doka a Najeriya. A farkon 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a ƙudurin kafa majalisar kula da wannan sana'a, bisa dalilin cewa ƙudurin bai fayyace iyakar aikin da yake so ya hana wanda ba mamba ba. Sai a ƙarshen 2022 ya rattaba hannu a dokar. Amsata ita ce a raba abu biyu da ake cakuɗawa. Ciyar da maƙwabci, ɗaukar nauyin maraya, sasanta ma'aurata, babu mai ikon hana kowa, kuma duk ƙungiyar da ta nemi hanawa ta wuce gona da iri. Amma rubuta rahoton da alƙali zai dogara da shi ya yanke wa za a ba riƙon yaro, ko tantance wa ya cancanci tallafi daga dukiyar jama'a, wannan iko ne da aka ba mutum da sunan hukuma. Kowa yana iya ba da sadaka, ba kowa ake naɗawa ma'aikacin zakka ba, kuma wanda aka naɗa shi ake zaunarwa a yi lissafi.

Ƙalubalen da ya fi wannan tsanani shi ne cewa taro ma yana ɓata, kuma ɓatan taro ya fi na mutum ɗaya muni. A Kanada, daga shekarun 1960, ma'aikatan walwala masu takardun shaida sun raba dubban 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu, suka miƙa su ga gidajen fararen fata, suna ganin ceto suke yi. A Ostireliya an yi makamancin haka, rahoton gwamnati na 1997 ya tona shi dalla-dalla. Waɗannan ba 'yan daba ba ne, ƙwararru ne da abokan aikinsu suka yarda da su, kuma yardar abokan ita ce ta kwantar musu da hankali. In haka ne, ashe shigar da ɗalibi ƙungiya tun yana ɗanye ba koya masa makantar manyansa ba ne? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Dole a amsa cewa wannan haɗari gaskiya ne, kuma ƙungiyar sana'a tana da halin kare 'ya'yanta fiye da kare waɗanda suke yi wa aiki. Amma a duba yadda gyaran ya zo. Kukan waɗanda aka zalunta ne ya fara, ba shakka, sai dai kukan ya samu ƙofar da zai buga. Ƙungiyar ma'aikatan walwala ta Kanada ta fito ta nemi gafarar 'yan asalin ƙasar a 2019, ta Amurka ta nemi gafara a 2021 kan rawar da sana'ar ta taka a wariyar launin fata. Da ma'aikatan nan ɗaiɗaiku ne warwatse, kowa da lamirinsa, da babu wanda za a tuhuma, babu wanda zai amsa laifi da sunan kowa, babu kuma inda za a rubuta darasin don na baya. Mutum ɗaya yana tuba ya mutu da tubansa, jama'a ce kaɗai take iya mayar da tuba ƙa'ida. Sannan masu tayar da ƙayar baya daga ciki suke fitowa. A 1968 ma'aikatan walwala baƙaƙen fata sun fice daga babban taron ƙasa na Amurka a San Faransisko suka kafa tasu ƙungiyar, domin sun ga an yi biris da halin da al'ummarsu take ciki. Sun iya yin haka ne saboda sun san zauren, sun san yadda ake magana a cikinsa. Abin da wannan tarihi yake wajabtawa shi ne a shigar da ɗalibi da bakinsa, ba da kunnensa kaɗai ba, a kuma karantar da shi laifuffukan sana'ar a aji ɗaya da nasarorinta. Matashi ne ya fi saurin ganin abin da ido ya saba da shi har ya daina gani, don haka ƙungiyar ma tana buƙatarsa.

Masu cewa ƙa'idojin nan na Turawa ne, an gina su a kan mutum shi kaɗai alhali mu dangi muke gani, suna da rabin gaskiya. Ma'anar sana'ar da ƙungiyoyin duniya suka amince da ita a 2014 ta ambaci ilimin gargajiya na al'ummomi da alhakin da ke kan jama'a gaba ɗaya, kuma ba ta ambace su don alfarma ba, sai don ma'aikata daga Afirka da Asiya da Latin Amurka sun zauna a teburin sun yi magana. Yadda za a riƙe sirrin matar aure a gidan da surukai da kishiyoyi suke tsakar gida ɗaya, ko yadda za a yi da almajirin da iyayensa suke wata jiha, babu wanda zai warware mana daga waje. Ma'aikatanmu ne za su zauna su tattauna, tare da malaman addini, kuma ɗaliban yau ne za su gaji zaman.

Saura maganar da ake yi a ƙasa-ƙasa, cewa ƙungiyoyinmu ba su da ƙarfi, taronsu na shekara-shekara ne, kuɗin rajista ya fi ƙarfin ɗalibin da ke fama da kuɗin makaranta, kuma rigimar shugabanci takan cinye lokacin da ya kamata a ba aiki. Ƙungiyar ma'aikatan walwala ta Najeriya, NASoW, tana nan tun 1975, ma'aikatan walwala na asibitoci ma suna da tasu, amma ba kowane ɗalibi ne yake gama karatu ya san ƙofarsu ba. Ni a wurina wannan rauni hujja ce a kan makarantu, domin ƙungiyar da mutane ba sa shiga sai sun fara neman ƙarin girma dole ta zama ta masu neman ƙarin girma. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin sashen jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ba. Kada a tura ɗalibi aikin koyo sai ƙarƙashin ma'aikacin da yake mamba, wanda za a iya tuhumarsa in ya yi sakaci. A riƙa ba reshen jiha ɗaki a makaranta ya yi zamansa na wata-wata, ɗalibai su halarta a matsayin wani ɓangare na darasi, a kawo shari'o'i na gaske bayan an cire sunaye. A ɗauke wa ɗalibi kuɗin shiga ko a mayar da shi abin da ba zai hana shi cin abinci ba, a ba wakilin ɗalibai kujera mai ƙuri'a. Sannan a samar da hanyar da ɗalibar da ta ga ana cin zalin yaro a gidan da aka tura ta, ko wadda mai duba aikinta ya neme ta da lalata, za ta kai magana ga wani wanda ba shi ke riƙe da makinta ba. Dokar 2022 ta ba majalisar sana'ar hurumin tsara yadda ake horar da masu shiga aikin, kuma ya kamata matsayin ɗalibi mai aikin koyo ya kasance cikin abubuwan farko da za ta zauna da makarantu da ƙungiyoyi a kansu.